Abin da ya dawo maka da kilon da ka sauke

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali? Saƙonka ya iso, na ga ƙorafinka: wata huɗu kana takura wa cikinka, ka sauke kilo takwas, ga shi sun dawo har da riba. Daina zargin kanka da rashin juriya, jiki ne ke gadin kitsensa.

Kitse yana fitar da wani sinadari, leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a 1994. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Kana ramewa leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga. Ghrelin, sinadarin yunwa da ciki ke fitarwa, ya ƙaru, jiki kuma ya fara tattalin kuzari. Kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kalorin (ma'aunin kuzarin abinci) da kake ƙonawa suna tafiya ne kana zaune, wajen numfashi, bugun zuciya da ɗumin jiki. Nan ake yin tsumin, shi ya sa cimar da ta rage ka a watan farko ta daina aiki a na huɗu.

Ana gadon ƙiba, binciken tagwaye ya nuna haka. Amma gadon bai sauya ba tun 1990, ƙibar manya kuwa ta ninka, har a 2022 ta kama mutum ɗaya cikin takwas a duniya. Abin da ya sauya shi ne abincin kamfani, lemon kwalba, yawan zama da ƙarancin barci. A gwajin Kevin Hall na 2019 a Amurka, mutanen da aka ba abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kullum fiye da lokacin da aka ba su abincin da ba na kamfani ba.

Ka auna ƙugunka, kada ya kai rabin tsawonka. Sauke rabin kilo a mako ya isa. Sauke kashi 5 zuwa 10 na nauyinka ma yana taimaka wa hawan jini da suga. Barci awa bakwai, tafiyar sauri minti 150 a mako, da ɗaga nauyi don kada tsoka ta zube tare da kitsen.

Wane magani kake sha? Prednisolone da insulin suna sa ƙiba. Kada ka daina da kanka, ka tuntuɓi likita, ya duba maka tayirod ma, wato wata gaɓa a wuya da ke daidaita yadda jiki ke ƙona kuzari.

A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka