Ɗalibi da aikinsa na farko a lokeshan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana ɗalibai masu sha'awar harkar fim, da kuma manyanmu masu ɗaukar mu aiki.

Ni ina aji uku a jami'a, kuma a dogon hutun da ya wuce ne Allah ya yi na fara taka lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, a matsayin ma'aikaci ba ɗan kallo ba. Tun da na dawo makaranta abokai ke ta tambayata wai wa na sani, wa ya yi min hanya. Wallahi ba kowa. Na shafe kusan wata biyu ina tura saƙo wa furodusoshi da daraktoci ba wanda ya ko amsa, kuma daga baya na gane laifina ne, don duk saƙon da na tura sai na cika shi da burina na zama darakta da irin labaran da ke kaina. Wani yayanmu da ya riga mu gama makaranta shi ya ce min ƙanena ba wanda ke neman darakta a cikin ɗalibai, ka faɗa musu abin da za ka iya yi gobe da safe. Sai na koma layi uku kacal: ga ranakun da ba ni da karatu, zan iya ɗaukar kaya, zan iya zuwa kafin gari ya waye. Ba a yi sati biyu ba wani mataimakin darakta ya kira ni, yaron da ke musu aike ya kwanta rashin lafiya suna neman wanda zai maye gurbinsa.

Aikin kam ba wani na a zo a gani ba ne. Ɗaukar ƙafar kyamara, cajin batir, riƙe allon da ke maido da haske a fuskar jarumi har hannunka ya sage, tare mutane kar su gifta ana cikin ɗauka, gudu ka kira wance ta shirya an kusa zuwa sin ɗinta, wato ɓangaren da za ta fito a fim ɗin. Amma a nan na koyi abin da shekara uku a aji ba ta koya min ba. Allon nan da ake bugawa kafin darakta ya ce akshan, da na ɗauka gayu ne kawai, ashe sau da yawa sauti daban ake naɗarsa hoto daban, ƙarar bugun nan ita edita, wato mai tace fim, ke bi ya haɗa su daidai, rubutun jikinsa kuma ya nuna masa lambar sin da karo na nawa aka ɗauka. Na ga mai kula da kwantiniti, wato mai lura kar wani abu ya canja tsakanin ɗauka da ɗauka, ta tsayar da aiki gaba ɗaya saboda jarumi ya riƙe waya a hannun dama alhali a ɗaukan baya a hagu take. Na ga mai sauti ya ce kowa ya yi tsit na rabin minti yana naɗar shirun ɗakin, wai ko shiru ma kowane ɗaki da irin nasa kuma edita zai buƙace shi wajen cike gurbi. Aka kuma koya min cewa shafi ɗaya na sikirif, wato rubutaccen labarin fim, kusan minti ɗaya ne a allo, to mu sai mu yi awa 12 a tsaye mu tashi da shafi uku ko huɗu, wato wunin mutum sama da ashirin ya koma minti huɗu da mai kallo zai gani yana danna wayarsa. Tun ranar ban ƙara raina fim ɗin kowa ba.

Shawarata ga ɗalibai ba ta da yawa. Ka riga kowa zuwa, kar ka ɗauki hoton lokeshan ka sa a Facebook ko TikTok ba da izini ba, kar ka je kana ba darakta shawara, tambayarka ka riƙe ta sai an tafi hutu. 'Yan uwa mata kuma duk wanda ya ce gwajin shiga fim sai a keɓe ke kaɗai to ba gwaji ba ne, kar ki je.

Amma ainihin abin da ya sa na rubuto shi ne manyan. Ba wanda ya faɗa min nawa za a biya ni ko awa nawa zan yi, da na yi ƙarfin hali na tambaya sai aka ce ai koyo kake, kamar mai koyo ba ya gajiya ba ya biyan kuɗin mota. Wannan ma da sauƙi. Wata rana da daddare bayan an ɗauke ruwan sama aka ce in hau katanga in riƙe fitila, wayar wutar an yi mata ɗauri da leda ƙasa duk a jiƙe, zuciyata na ce min kar ka hau amma na hau, don ina tsoron a ce yaron nan malalaci ne gobe kar a kira shi. Allah ya tsare ba abin da ya faru, amma har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kuma ba ni kaɗai ba ne, ko a Amurka da ake ganin suna da doka da ƙungiyoyi, a watan Fabrairun 2014 jirgin ƙasa ya kashe wata mataimakiyar mai kyamara, Sarah Jones, 'yar shekara 27, a kan gadar jirgi a jihar Jojiya, wurin da ba a ba su izinin yin shutin ba, daga baya daraktan ya amsa laifi a kotu aka ɗaure shi. Ita ba ita ta zaɓi wurin ba, an ce ta je ne ta je. Ƙaramin ma'aikaci shi ne wanda bakinsa ya fi nauyi wajen cewa a'a, don haka nauyin kare shi yana wuyan wanda ya ɗauke shi.

Ina roƙon furodusoshi, don girman Allah, idan za ku ɗauki ɗalibi ku faɗa masa kuɗinsa da lokacin tashi tun kafin ya fara ko da kuɗin kaɗan ne, ku ɗauki minti biyar kowace safiya ku nuna inda haɗari yake, ku kuma sa sunansa a ƙarshen fim don da wannan sunan zai nemi aiki na biyu. Malamanmu su ma su taimaka da takardar gabatarwa, yaro ya je da sunan makarantarsa ya fi ya je yana roƙo shi kaɗai.

Ni dai an sake kirana hutu mai zuwa, wannan karon zan riƙe wa mai sauti sandar makirfon, kuma sai da muka yi maganar kuɗi da awa kafin na ce to. Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗalibi mai son harkar fim