Kafin ka haɗa agogon lafiyarka da manhajar AI

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu ja hankalin masu ɗaura agogon zamani, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya da awannin barci, kan sabon yayin haɗa shi da manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI). Tun 2023 kamfanin Whoop, mai ƙera na'urar bibiyar lafiya da ake ɗaurawa a hannu, ya saka mataimakin AI a manhajarsa, a farkon 2026 kuma ChatGPT da Claude suka fara karanta bayanan lafiya daga waya, duk da ba kowace ƙasa aka buɗe wa ba. Abin yana da amfani, amma a sani cewa manhajar ba ta auna komai da kanta. Lambar da aka ba ta, daidai ce ko kuskure, a kanta za ta yi bayani cikin gamsuwa.

Ga yadda bayanan ke tafiya. Agogo yana tura su ta Bluetooth zuwa manhajar kamfaninsa, kamar Samsung Health ko Fitbit ko Garmin Connect. Daga nan su shiga rumbun wayar: Apple Health a iPhone, Health Connect a Android (yana cikin Android 14 zuwa sama, tsofaffin wayoyi sai an sauke shi daga Play Store). A wannan rumbu AI ke neman izini, kuma kowane nau'in bayani da makunninsa. Shawararmu a kunna uku kacal da farko: taku, barci, da bugun zuciya na lokacin hutu. A ba da izinin karantawa, a hana na rubutawa. Taswirar hanyar da ake bi wajen motsa jiki kuwa a bar ta a rufe, domin tana nuna ƙofar gidan mutum da sa'ar fitarsa. A 2018 irin wannan taswira ta manhajar motsa jiki ta Strava ce ta fallasa sansanonin sojan Amurka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙidaya biyu. Waya a aljihu tana ƙirga taku, agogo ma yana ƙirgawa. Apple Health yana tace su a allonsa, amma wanda ya fitar da ɗanyen fayil ya loda wa AI, duka biyun suna ciki, sai taku 6,000 ya koma kusan 12,000. Dole a ce mata ta ɗauki na agogo kaɗai. Ga kuma takun ƙarya: agogo motsin hannu yake ji, don haka daka a turmi, wanki, ko hawa babur a hanya mai gargada duk yana iya lissafa su. Sai giɓi. Wanda ya cire agogo ya sa caji da dare saboda a lokacin aka kawo wuta, manhajar tana iya ɗaukar daren a matsayin bai runtsa ba, ta jawo matsakaicin makon ƙasa. Mai tashi sallar asuba ya koma, ko mai sahur a watan azumi, barcinsa kashi biyu ne, wasu agogunan kuma ɗaya kawai suke rubutawa. In ba a faɗa wa AI wannan ba, sai ta hau yi wa mutum wa'azin rashin barci.

Bugun zuciya da koren haske ake auna shi, wanda ke haska fata ya gano kai-kawon jini. Sakin maɗauri, gumi da sanyi suna rikita shi. A ɗaura shi daidai, kamar faɗin yatsa sama da ƙashin wuyan hannu, a riƙa kuma gwada shi da ƙirgen yatsa: a ƙirga bugu na daƙiƙa 30, a ninka da biyu. Ga babba a zaune, 60 zuwa 100 a minti ne aka saba gani. Lissafin kuzarin da jiki ya ƙona shi ne mafi rauni. Binciken Jami'ar Stanford na 2017 a kan na'urori bakwai ya gano wadda ta fi kyau ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni da kashi 93. Kada a bar AI ta tsara abinci bisa wannan lamba.

Wanda ya fi damun mu shi ne agoguna masu araha da ake tallata cewa suna auna sukari ba tare da huda fata ba. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da su. Mai ciwon sukari ya tsaya ga na'urarsa ta ɗigon jini, mai hawan jini ga ta damtse. In zai shigar da sakamakon da hannu, ya rubuta ma'aunin, domin 7 a mmol/L daidai yake da 126 a mg/dL, ana ninkawa da 18. Kuma ba a ƙara ko rage magani don manhaja ta ce.

Batun sirri, a shiga saitin manhajar AI a kashe amfani da hira wajen horar da ita. Janye izini a waya yana tsayar da sabbin bayanai ne kawai, waɗanda suka riga suka shiga hira sai an goge su daban. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba mutum damar janye amincewarsa da neman a share su.

Inda AI ta fi amfani shi ne taƙaita mako huɗu a shafi ɗaya da za a kai wa likita, tare da nuna ranakun da babu bayani. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma ko shanyewar gefen jiki kuwa, asibiti ake nufa nan take, ko da agogo ya nuna komai lafiya.

Wassalam.

Masu karatunka, daga Kano