Kiran-kai ba ya aiki sai da matsaya

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin malaman lissafi da masu koyar da rubuta manhaja kan dabarar kiran-kai, wato aikin da ke warware matsala ta hanyar kiran kansa a kan ƙaramarta. Ɗalibai kan haddace wannan rabin, su manta da ɗayan: inda kiran zai tsaya.

Ga hanyar Yuklid, masanin lissafi na zamanin da, ta nemo babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba saura. A ɗauki 48 da 18. An raba, saura 12. Tambayar ta koma 18 da 12, saura 6. Sai 12 da 6, saura sifiri. Nan ne matsaya, amsa 6. Kowane zagaye lambobin raguwa suke yi, shi ya sa dole a isa ƙarshe.

In babu wannan raguwar, an shiga uku. Kowane kira kwamfuta na ajiye shi a ma'adana har sai na bayansa ya dawo da amsa, kamar kwanukan samira da aka jera, ba a zare na ƙasa sai an sauke na sama. Faktoriyal na 5 shi ne 5 sau faktoriyal na 4, haka har sifiri, inda amsar ke 1, jimla 120. To amma a ba wannan aikin -3, ko 2.5. Ba zai taɓa sauka a kan sifiri ba, sai ya yi ta gangarawa. Harshen rubuta manhaja na Python kan katse shi da saƙon kuskure mai suna RecursionError idan zurfin ya kai wajen 1000, a harshen C kuwa ma'adanar ce ke cika, manhajar ta mutu. Maganin layi ɗaya ne a farkon aikin da zai ƙi karɓar irin waɗannan lambobin.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta ihu. Jerin Fibonachi, wanda Leonardo na Pisa ya kawo a littafinsa na 1202, kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce. In aka rubuta shi da kiran-kai kai tsaye, nemo lamba ta 30, wato 832,040, na cin kira 2,692,537, domin ana ta maimaita lissafin da aka riga aka yi. A ajiye kowace amsa a tebur da zarar an same ta, lambobi 31 kacal za a lissafa.

Ina roƙon malamai su riƙa sa ɗalibi ya bi kiran faktoriyal na 4 a takarda, sauka da hawa, kafin ya taɓa kwamfuta.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya