Na kai takwaranka Ƙofar Mata

Assalamu alaikum, mutumina.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Jidda, yaya iyali da zafin can? Shirun ya yi yawa, wata bakwai ke nan ba ka ji ni ba ban ji ka ba, sai dai hotunanka da nake gani sanye da jallabiya, ka yi ƙiba har da wuya. To madalla. Tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: tikitin nan na 1999 da ka ɓoye cikin littafin lissafi, yana nan kuwa? Bari ka ji dalili.

Ranar Lahadi na kai takwaranka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kallon wasan Kano Pillars. Karonsa na farko ke nan, shekararsa tara. Tun bayan azahar ya sa rigarsa mai kore da ruwan ɗorawa, ya hana uwarsa sakat. Muka hau adaidaita sahu daga Fagge, muka sauka wajen marina, ya tsaya yana leƙen karofi, wani dattijo na tsoma yadi cikin baba, hannunsa ya yi shuɗi har gwiwa. Da muka haye matakala filin ya buɗe a gabansa, yaron nan ya damƙe min hannu, ya yi shiru. Ganga na tashi, jama'a na ta "Sai Masu Gida!", shi kuwa ya saki baki. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don a daidai wurin nan muka tsaya ni da kai da kayan makaranta a jikinmu.

Muna zama ya fara jero tambayoyi. Wa ya taɓa wasa a nan? Na ce masa duniya ta taɓa zuwa nan. A 1999, gasar matasa ta duniya, mun ga Japan da Kamaru da Ingila da Amurka da idonmu. Shekara na zagayowa, 2000, Najeriya da Ghana suka karɓi gasar cin kofin Afirka, aka ba Kano rukunin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso. A nan Tunisiya ta fitar da Masar da ci ɗaya mai ban haushi. Sai 2009, gasar 'yan ƙasa da shekara 17, da yaran Sifaniya suka sauka a Kano. Da na ce masa Isco da Morata sun taka ciyawar nan suna ƙanana, sai ya dube ni kamar ina yi masa tatsuniya. Shi ya sa nake neman tikitin, ya gani ya yarda.

Amma wanda na fi daɗewa ina ba shi shi ne na Angola, watan Yunin 2005. Ka tuna ranar? Tun da hantsi muka shiga, rana ta dafa mu, fiya wata ta ƙare a hannun masu talla. Okocha ya ci da bugun tazara tun ba a je ko'ina ba, ka ɗaga ni sama har takalminka ya faɗa kan mutanen ƙasa. Bayan hutun rabin lokaci Angola ta farke, aka tashi kunnen doki, kuma wannan canjaras ɗin ne ya ja mana rashin zuwa gasar cin kofin duniya a Jamus a 2006. Da ƙafa ɗaya a takalmi ka koma gida, kana ta rantsuwa ka bar kallon ƙwallo har abada. Ko mako biyu ba a yi ba na gan ka a layin tikiti.

Af, kafin na manta: mai shayin bakin layinmu ya aurar da 'yarsa ta fari, an yi taro na gani na faɗa. Ya tambaye ka sau biyu, ya ce har yanzu akwai bashin ƙwai uku a littafinsa. Ƙanenka kuma ya buɗe shago a Kantin Kwari, Allah ya sa albarka. Hajiya na nan lafiya, ƙafar ce dai ke taɓa ta idan sanyi ya shigo.

Mu koma fili. Ka san abin da ya sa nake alfahari da wurin nan ba baƙi ba ne, Pillars ce. A 1990 aka kafa ta, nan kuma ne gidanta. Kofin Firimiya huɗu: 2008, sannan 2012 da 2013 da 2014 a jere. Shekara 12 cur ba wanda ya zo ya ci mu a gida a gasar, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Ranar nan ko mai rake bai yi ciniki ba, kowa ya fita kansa a ƙasa. Ga 2009 da muka fitar da Al Ahly ta Masar, muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka kafin Heartland ta tare mu. Na nuna wa yaron kusurwar da Rabi'u Ali ya sha aje ƙwallo ya narka ta a raga, na ba shi labarin yadda Ahmed Musa ya tashi daga nan ya tafi Turai, ya kuma dawo ya sake sa rigar.

Sai dai filin ya ga abin da ba ƙwallo ba. A 2020, lokacin korona, aka kafa tantuna a ciki aka mai da shi wurin killace marasa lafiya. Na wuce ta nan wata rana da yamma, ƙofa a garƙame, tsit kamar ba a taɓa ihu a wurin ba. Daga nan Pillars ta koma wasa a Kaduna, gida ya zama na aro, a 2022 kuma muka faɗa ajin 'yan dagaji. Ba na raba ɗaya biyu, rabuwa da Ƙofar Mata na cikin abin da ya kayar da mu. Allah ya taimaka muka dawo a 2023. A shekarar ce kuma, ranar 29 ga Mayu, aka rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf a cikin filin, ko'ina jar hula. 'Yan siyasa kam kowace jam'iyya ta san hanyar wurin idan zaɓe ya matso.

Ga abin da ke damuna, kuma kai kaɗai zan gaya wa ka fahimta. Ana saura minti kaɗan a tashi, alƙalin wasa ya busa abin da bai yi wa jama'a daɗi ba. Wasu samari a bayanmu suka fara ashar, ɗaya ya wurga robar ruwa ta wuce ta saman kan takwaranka. Yaron ya maƙale a jikina yana rawar ɗari. Wani dattijo mai carbi ya miƙe ya daka musu tsawa, suka lafa, amma ni zuciyata ba ta lafa ba. Sau nawa irin wannan ta sa aka ci mu tara, aka kwashe maki, aka kore mu zuwa wani gari? Wanda ya yi jifa yana kwance a ɗakinsa, mai gurasa da mai awara da ɗan adaidaita su ne ke kwana da yunwa ranar wasa. Ina so in riƙa kai yaron nan duk wasan gida ba tare da uwarsa ta bi mu da addu'ar tsoro ba. Na yi magana da wasu daga cikin tsofaffin 'yan layinmu, mun ce za mu riƙa zama wuri ɗaya mu da yaranmu, ko ganin furfura zai sa a ji kunya.

Da muka fito na saya masa rake, yana sha yana ce min wai shi gola zai zama. Na ce to, ka ji irin ta mai sunanka, wanda aka zura wa bakwai a filin makaranta ya ce rana ce ta kashe masa ido.

Idan za ka zo hutun babbar salla, ka sanar da ni da wuri. Ka taho wa Hajiya da dabino ajwa da man zaitun na ƙafar nan, shi kuma takwaranka safar hannu ta gola yake so, ƙarama. Ka gaishe da uwargida da yara.

Naka har kullum,
abokinka na Fagge.