A daina ɗora wa ɗan fansho laifin rashin tanadi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Laraba, kuma har yau maganar baƙon nan naku tana ci mini rai. Wai yawancin 'yan fanshon da ke kuka su suka jawo wa kansu, don ba su yi tanadi ba tun suna bakin aiki. Mai gabatarwa kuma ya sakar masa fili ya yi ta zuba, ko "dakata Alhaji" bai ce masa ba.

Tanadin me? Shekara 35 na yi ina riƙe da alli a makarantun firamare na ƙasar Daura, har da ƙauyukan da sai ka sauka ka tura keke cikin yashi. Albashin kafin tsakiyar wata ya ƙare a shagon mai bashi. Ƙarin girma yakan zo a takarda, kuɗinsa kuwa sai ka manta kana binsu. Baƙon naku ya ce a kama sana'a. To mun kama. Ina noma gero da wake, uwargida tana kiwon awaki tana adashi, da haka muka aurar da 'ya'ya. Amma garatuti ba sadaka ba ce da za a ce wanda ya yi noma ya haƙura da ita. Haƙƙina ne, gumina ne, kuma sai da na yi ta zarya har takalmi ya gaji kafin a fara ba ni shi gutsure-gutsure, lokacin kuɗin ba su iya sayen rabin abin da na tsara.

Da ma baƙon naku ya zo ranar tantancewa ya gani da idonsa. Tsofaffi daga Baure, Zango da Mai'adua sun yi sammako, kowa rungume da leda mai takardar kama aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe, duk sun yi ja don tsufa. A gabana wani dattijo ya dangwala yatsa na'ura ta ƙi karɓa, don fartanya ta shafe zanen yatsan. Ya lasa, ya goga a riga, ya sake ɗorawa, shiru. Yaron da ke kan kwamfutar ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baba, ka dawo gobe." Gobe da kuɗin motar wa? Wani kuma 'ya'yansa ne suka ciccibo shi daga gadon jinya, don kawai a tabbatar yana numfashi. Wannan ma rashin tanadi ne?

Abin da ya fi ba ni haushi, baƙon naku ya san doka amma ya tsallake wurin da bai yi masa daɗi ba. Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko duk lokacin da aka gyara albashin ma'aikata. An kai mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, aka cire tallafin mai a 2023, aka koma 70,000 a 2024. Me ya hana a tambaye shi inda ɗan fansho ya tsaya a duk wannan? Sai yabon tsarin fanshon karo-karo na 2004 yake ta yi, wai tun gyaran 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8, mai ba shi aiki kashi 10. Madalla, idan mai ba da aikin yana zuba nasa ke nan.

Kuma ku sani matasan malamai suna kallonmu. Shi ya sa duk wanda ya ga ƙofa yake ficewa. Dokar 2022 da ta ba malamai damar kai shekara 65 ko shekara 40 na aiki ba za ta zaunar da yaron da ya ga hedimastansa yana cin bashin kuɗin mota ba.

Sannan don Allah ku rage tallan masu maganin gargajiya a tsakiyar shiri. Magana tana daɗi sai a katse da maganin basir, layin wayarku kuma kullum a cike, na yi ta bugawa har aka yi sallama. Mako mai zuwa ku kira ɗan fansho ku zaunar da shi kusa da wannan baƙon, a bar su su yi ta.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Daura, Jihar Katsina.