Amsa ga 'yata da ta tambaya ko ba mu tsufa da aikin mishan ba

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. An turo mini tambayar da kika yi a gaban taron Zumuntar Mata a Zariya: wai me ya kai ni da maigidana Baba aikin mishan a Kumasi ta ƙasar Ghana bayan ritaya, ga furfura, ga jikoki a gida, alhali akwai matasa masu jini a jika? Tunda a bainar jama'a kika yi ta, a nan zan amsa. Ban ji haushi ba, 'ya'yan cikina ma sun riga ki.

Batun jiki kin faɗi gaskiya. Kumasi ƙasar kurmi ce, damina biyu ake yi a shekara, kuma danshin nan ba ya raga wa gwiwar da ta saba da iskar Zazzau. Wanki sai ya wuni a igiya bai bushe ba. Littafi Mai Tsarki da Baba ya gada wurin mahaifinsa har fumfuna ya yi a cikin akwati. Tallafi da naira yake zuwa, cefane da maganin hawan jini kuwa da sidi, kuɗin Ghana, muke yi, kin kuma san halin da naira ta shiga tun 2023. Kwana 90 ne ECOWAS ta ba baƙo, daga nan sai takardar izinin zama da sintirin sabunta ta.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai da farko shi ne ba wanda ya san inda zai ajiye mu. Mutanen Asante in sun ji Hausa a bakinmu sai su ɗauka Musulmi ne. Maƙwabtanmu na unguwar Aboabo kuwa, jikokin fataken goro da suka biyo hanyar Salaga suka kafa zango, ranar Lahadi suka gan ni da littafin waƙoƙi sai kallo ya koma kaina. Wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai ta tare ni da tambaya ko aure ne ya fitar da ni daga addini. Na zauna a bencinta na ba ta labarin Wusasa, tsohuwar unguwar mishan ta Zariya, na ce mata tun 1932 ake karanta Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Ta riƙe haɓa, sannan ta ƙara mini ƙosai biyu. Yau in ba ta gan ni da safe ba sai ta aiko jikarta.

To a nan furfurar take aiki. Zango wuri ne da ake girmama babba. Saurayi da lasifika ba zai samu tabarma a ƙofar gidan kowa ba, amma tsohon da ya iya gaisuwa, yake zuwa ta'aziyya da suna, ana matsa masa ya zauna. Dattawan nan suna tuna korar baƙi ta 1969 a zamanin Firayim Ministan Ghana Busia, da wadda Najeriya ta yi wa 'yan Ghana a 1983. Baba ya ga zamanin biyun, saboda haka hirar ba ta ƙarewa.

Ni kuma ungozoma ce da, aikin bai bar ni ba. 'Yan matan arewacin Ghana da ke dako a kasuwar Kejetia, waɗanda ake kira kayayei, da yawansu a barandar shaguna suke kwana. Wata ta zo mini ƙafafu a kumbure, ciki ya tsufa, ba ta taɓa zuwa awo ba. Da 'yar Hausarta muka fahimci juna, na raka ta asibiti. Ba ta yarda da ni don takardar shaidata ba, ta yarda ne don na yi kama da kakarta.

Kada ki zaci mu muka kawo bishara garin nan. Ramseyer, Bature ɗan mishan na Basel ta Switzerland, fursuna ya zauna a Kumasi har 1874, ya dawo a 1896, yau ga majami'a da sunansa a unguwar Adum. Mu an aiko mu ne ga 'yan tsirarun masu bi 'yan arewa da ba sa jin Twi, harshen mutanen Asante, sosai, muna sujada da Hausa. Kuma zaman Musulmi da Kirista a ƙasar nan abin koyi ne: a Ista ta 2019 Babban Limamin Ghana, Sheikh Sharubutu, da kansa ya je cocin Katolika a Accra. Ba mu zo mu ɓata wannan ba.

Baba fa, mutumin da bai taɓa sanin kuɗin gishiri ba, yanzu shi ke tsinke mini alayyafo. Kada ki faɗa wa dattawan ikilisiya.

Matasan da kika ambata muna bukatarsu ƙwarai. Yaran masu binmu Twi suke yi a makaranta da wurin wasa, mu kuwa harshenmu ya yi tauri, gaisuwa da ciniki kawai muka iya. Ajinsu na Lahadi har yanzu ba shi da malama. Ki yi addu'a a kai, ki yi shawara da maigidanki, sannan ki rubuto mini.

Mamarki cikin Ubangiji,
Aboabo, Kumasi