Amsa ga ƙanwata: Devdas ɗin Dilip Kumar ko na Shah Rukh Khan?

Assalamu alaikum ƙanwata,

Tambayar da kika jefo min a gaban jama'a ta iso, kuma tunda a fili kika yi ta bari in ba ki amsa a fili. Kin ce wai me ya sa duk sanda aka ɗauko zancen fim ɗin Indiya na Devdas sai in ce na 1955 ya fi na 2002, alhali na 2002 shi ne mai kala, mai waƙoƙi, mai su Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit, shi kuwa wancan baƙi da fari ne, har kika ƙara da cewa ko dai son tsohon abu ne irin namu na manya. To wallahi ba shi ba ne, ina da dalili kuma dalilin nawa yana cikin labarin kansa.

Kin san dai duka biyun daga littafi ɗaya aka ciro su, ɗan ƙaramin littafi da Sarat Chandra Chattopadhyay ya rubuta da harshen Bengali aka buga shi a 1917. An yi fim ɗinsa sau da yawa cikin harsuna daban-daban, ciki har da na P.C. Barua a shekarun 1930 wanda K.L. Saigal ya fito a na Hindi ɗin, kuma mai ɗaukar hoton wancan shi ne Bimal Roy, wanda daga baya ya zo ya yi nasa a 1955 da Dilip Kumar. Kinga ashe mutumin ya daɗe da labarin a ransa kafin ya taɓa shi.

Labarin ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Yaro ɗan masu filaye a ƙauye, wato Devdas, yarinya 'yar maƙwabta, wato Paro, sun taso tare, an tura shi karatu Kalkata, ya dawo ya tarar ta girma, iyayensa suka ce ba su haɗa zuri'a da gidan su Paro. Abin da zai ba ki mamaki, a littafin ɗaya daga cikin abin da aka yi musu gori da shi shi ne gidansu suna karɓar kuɗi in za su aurar da 'ya, abin da mu a wajenmu sadaki ne kuma sai da shi aure ke ɗauruwa, su kuma manyan gidajen can a lokacin kallon ƙasƙanci suke masa. To daga nan fa abin da nake so ki lura da shi ya fara. Wa ya yi jarumta? Paro ce. Ita ce ta fito cikin tsakar dare ta je har ɗakinsa, budurwa a ƙauye, ta san in aka gan ta mutuncinta ya zube har abada, ta ce masa ga ni ka yi yadda za ka yi da ni. Shi kuma me ya yi? Ya ɗan gwada yi wa mahaifinsa magana, aka daka masa tsawa, sai ya gudu birni ya rubuto mata wasiƙa yana janye jiki. Kafin ya yi nadama ya dawo an riga an ba da ita ga wani attajiri mai shekaru wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya manya. Devdas matsoraci ne ƙanwata, ga girman kai ga tsoro, kuma giyar da ya faɗa ciki wata hanyar gudun ce kawai. Fim ɗin da ya bar shi a haka shi ne ya gane littafin.

Bimal Roy ya bar shi a haka. Ya ɓata lokaci sosai a kan yarintarsu, ki ga yaron nan mara ji, mai taurin kai, yana dukan Paro in ransa ya ɓaci ita kuma ta rufa masa asiri, saboda haka in kika ga abin da ya yi mata da suka girma ba zai zo miki a bazata ba, hali ne da ya taso da shi. Ki kalli wajen bakin ruwan nan da kyau. Ta zo ɗiban ruwa, an riga an sa ranar aurenta, ya zo yana cewa zai shawo kan iyayensa, ta dube shi ta nuna masa ai ita ma iyayenta suna da mutunci, ba nasa kaɗai ba. Maganar ta ƙona shi, sai ya ɗaga sandar da ke hannunsa ya sharara mata a goshi har jini, wai don ya bar mata tabo ya rage mata ji da kai, sannan kuma ya dawo yana ɗaure mata ciwon da hannunsa. Ba ado a wajen, ƙasa ce da ruwa da mutum biyu, kuma kina gani kin san zalunci kika gani. Wallahi ranka sai ya sosu da shi, kuma haka ya kamata.

Sanjay Leela Bhansali, wanda ya yi na 2002, shi ma ya sa wannan wajen, amma dubi yadda ya juya shi. A ranar bikinta ne, tana cikin kayan amarci, da sarƙa ya buge ta, jinin ya gangaro a goshi kamar jan garin nan da matan aurensu ke shafawa a tsagar kai, ga kiɗa yana tashi, sai abin ya koma kamar wata alamar cewa shi ne mijinta na gaskiya. Duka ne fa! Namiji ya fasa wa mace goshi an mai da shi abin sha'awa. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja, don nan ne fim ɗin ya nuna ɓangaren da yake.

Kuma haka ya yi ta yi har ƙarshe. Kalkata ta yi masa kusa sai ya ce daga Landan Devdas ya dawo. Gidan su Paro da ya kamata ya zama na masu rufin asiri ya mai da shi fada mai gilasai kala-kala, har kina rasa gane wai ina talaucin da ake musu gori da shi. An kashe wa fim ɗin kuɗi kusan rupi miliyan 500 na kuɗin Indiya, a lokacin ba a taɓa yin fim mai tsadarsa a Indiya ba, aka kai shi bikin Cannes a Faransa a 2002, kuma duk kuɗin nan ana ganinsu a allo, ban musa ba. Matsalar ita ce komai ya yi kyau, har lalacewar ma ta yi kyau. Shah Rukh yana tangaɗi da kwalba yana zuba zance mai daɗi cikin fararen kaya tas, yaro ɗan shekara 18 da budurwa ta yaudara zai kalla ya ji ai wannan shi ne so. Dilip Kumar kuwa a hankali yake mutuwa a gabanki, murya ƙasa-ƙasa, ido a faɗe, wani lokacin ma ba ya cewa komai sai dai ki ga mutum ya gaji da kansa. Ba wanda zai kalle shi ya ce ina ma ni ne. Irin waɗannan finafinan na baƙin ciki sun taɓa shi kansa Dilip ɗin har sai da likita ya ba shi shawarar ya riƙa haɗawa da masu raha.

Yanzu bari in ba Bhansali haƙƙinsa, don ba na son ki ɗauka ƙiyayya ce. Akwai abu biyu da ya ƙara da kansa waɗanda suka kama ni. Na farko wajen da uwar Devdas ta gayyato uwar Paro taro, ta bar ta ta yi rawa da murnarta tana zaton 'yarta za a nema, sannan ta tsinka ta a gaban mata ta tono mata asali cewa zuri'ar 'yan rawa ce. Kirron Kher ta yi wasan nan har cikin ƙashi, yadda fuskarta ta sauya daga fara'a zuwa wuta ta yi rantsuwa sai ta aurar da 'yarta a gidan da ya fi nasu. Duk wanda ya taɓa ganin an hana aure a kan gorin asali ko sana'ar kakanni ya san wannan zafin, ba sai an fassara masa ba. Na biyu Madhuri. Chandramukhi, mai rawar da ta kamu da son mutumin da ke zaginta, ta yi jinyarsa ba ta nemi komai ba, Madhuri ta ba ta wani kwarjini da natsuwa da ba a mantawa. Amma fa Vyjayanthimala ma ba baya ba ce a na 1955, har kyautar finafinan Indiya ta Filmfare aka ba ta ta mataimakiyar jaruma ta ƙi karɓa, ta ce rawar da ta taka ba ta mataimakiya ba ce, kuma gaskiyarta.

Sai dai ko a nan ma ya zarce. Ya haɗa Paro da Chandramukhi suka zama ƙawaye har suka yi rawa tare a gidan mijin Paro, waƙar da kowa ya sani. Rawar ta yi kyau ba ƙarya, amma matar babban gida a Bengal ta wancan zamanin ta gayyato mai rawar gidan shaƙatawa su cashe a gaban surukai? A littafin ba su taɓa zama tare ba. Bimal Roy abin da ya yi kawai shi ne ya sa suka gifta juna a hanyar ƙauye, ɗaya ana ɗauke da ita a kafaɗa ɗaya tana tafe a ƙasa, suka kalli juna ba wanda ya ce uffan. Wannan ɗan kallon ya fi min rawar minti shida nauyi, don ya nuna katangar da ke tsakaninsu, wadda ita ce ma ta cinye su duka ukun.

Ƙarshen kusan ɗaya ne a duka biyun, alƙawarin da ya yi mata cewa zai zo ƙofar gidanta kafin ya mutu, doguwar tafiyar jirgin ƙasa, ya sulale ya bar tsohon baransa Dharamdas yana barci, amalanke cikin dare, ya ƙarasa ya faɗi, ita ta ji sunansa ta kwasa da gudu a rufe ƙofa kafin ta kai. A na 2002 jajayen furanni ne ke zubo masa, mayafinta na jan ƙasa, har yana iya hango ta dishi-dishi kafin ransa ya fita. Marubucin bai yi masa wannan gatan ba sam, a littafin baƙo ne ya mutu a bakin hanya ba wanda ya san shi sai da aka duba wasiƙun da ke aljihunsa, gawar ma ba ta samu wata sutura ta kirki ba. Na 1955 ya fi kusa da wannan bushewar, kuma shi ya sa nake zaɓensa.

In za ki nema ki nemi mai rubutun fassara a ƙasa, ki yi haƙuri da rabin awar farko don a hankali yake tafiya, kiɗan S.D. Burman ne kuma Suchitra Sen ce Paro. Akwai wani na 2009 mai suna Dev.D da Anurag Kashyap ya dawo da labarin Punjab da Delhi na yanzu, shi ma bai rufa wa Devdas asiri ba ko kaɗan, sai dai ba na kallo da yara ko gaban iyaye ba ne, shi ya sa ban sa shi cikin wannan gwajin ba.

Ki huta lafiya, a gaida mutan gida.

Yayanki